Abincin Matafiyi: Guzuri, Halal da Kiyaye Lafiya a Kan Hanya



Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, wannan shafi ya tattara tambayoyin da suka shafi ci da shan matafiyi. An ɗauki Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin misali domin wurare ne da tafiya ba ta yankewa a cikinsu. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962 ɗalibai suke shigowa daga kowane sashe na ƙasar nan, suna komawa gida duk ƙarshen zango. Gaba kaɗan akwai asibitin koyarwa na Shika, inda majinyata ke zuwa daga nesa su yi kwanaki suna cin abincin da ba na gidansu ba. Sabon Gari kuwa ya taso ne a gefen layin dogo wanda ya isa Kano a 1911, kuma har yau a Kwangila hanyar Kaduna zuwa Kano take haɗuwa da wadda ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Duk wanda ke zaune a nan, ko shi matafiyi ne, ko mai rakiya, ko mai saukar baƙo.

Annabi (S.A.W.) ya siffanta tafiya da cewa wani yanki ce na azaba, domin tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.). Abin da wannan shafi yake son ya tabbatar maka shi ne: mafi yawan abin da zai shiga cikinka a hanya, tun a gida ake yanke shi, kafin ka ɗauki jaka.

Me shari'a take nema a abincin matafiyi?

Abu biyu ne, kuma tare Alƙur'ani yake ambatonsu: abincin ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Haka umarnin ya zo a aya ta 168 ta Suratul Baƙara. Halal ya shafi asalin abin da kuma kuɗin da ka saye shi da su. Kyau ya shafi tsabtarsa da amfaninsa ga jiki. Naman rago da aka yanka da sunan Allah halal ne, amma idan ya kwana ya yi wari, ƙuda ya gama sauka a kansa, ya fita daga mai kyau, kuma cinsa bayan ka san zai cutar da kai ya saɓa wa ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa.

Ka duba ƙissar As'habul Kahfi. Da suka farka da yunwa a wajen gari, suka aiki ɗayansu da kuɗin azurfa, sai suka sharɗanta masa ya duba abincin da ya fi tsarki ya kawo musu. Wannan yana aya ta 19 ta Suratul Kahfi. Yunwa da tsoro ba su hana su zaɓe ba.

Sannan ka tuna matafiyi yana cikin waɗanda ake amsa addu'arsu. Sai dai Muslim ya ruwaito misalin mutumin da ya tsawaita tafiya, kansa ya cukurkuɗe, jikinsa ya yi ƙura, yana ɗaga hannu yana roƙon Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufarsa duk na haram ne, aka nuna nisan amsa masa. Kada ka ɓata wannan dama da loma ɗaya.

Mene ne matsayin guzuri, kuma me ya kamata in ɗauka?

Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (R.A.) cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna fita aikin Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun isa Makka kuma sai su shiga roƙon mutane. A kansu ne aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Ranar Hijira, Asma'u 'yar Abubakar (R.A.) ce ta haɗa wa Annabi (S.A.W.) da mahaifinta guzuri, ta raba ɗamararta ta ɗaure bakin jakar, har aka yi mata laƙabi da wannan aiki. Annabi Musa (A.S.) ma da ya fita neman ilmi, da kifi ya fita. Saboda haka guzuri sunnar annabawa ce, kuma Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ka zaɓi abin da zafi ba ya saurin lalata shi, yake kuma riƙe ciki. Duk ana samunsu a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru:

1. Dabino, gyaɗa soyayya, ƙuli-ƙuli da busasshiyar aya. Ka tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci ka zubar, domin irinta tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta.

2. Kilishi ko dambun nama da ya bushe sosai. Wanda ya yi laushi yana naso ba na doguwar tafiya ba ne.

3. 'Ya'yan itace masu ɓawo da za ka ɓare da hannunka, kamar lemo da ayaba. Karas da kokwamba kuwa ka wanke su a gida da ruwa mai tsabta kafin ka fito.

4. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa, a cinye shi cikin awannin farko na tafiyar. Burodi mai lambar rajistar hukumar NAFDAC.

5. Ruwa a gora mai murfi, da ɗan guntun sabulu, da ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu ko uku.

Idan garin rogo ne guzurinka, ka tabbata a rufe aka adana shi. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara gano shi a garin Lasa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci, kuma garin da ake jiƙawa a sha ba ya hawa wuta.

Idan aka zuba min dafaffen abinci a kula, awa nawa zai yi?

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin suna ganin abincin gida ba ya cutarwa. Ƙwayoyin cuta ba su san hannun da ya dafa ba. Sun fi hayayyafa tsakanin maki 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, wato abincin da ba ya da sanyin firji kuma ba ya da zafin tukunya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a irin wannan hali. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya yake tsananta, cikin motar haya da ta tsaya a rana ya fi waje zafi, don haka lalacewar ta fi sauri.

Kula mai kyau, idan an zuba abincin yana tururi aka rufe nan take, tana riƙe zafi na wasu awanni. Da zarar ka buɗe ka ji ya koma ɗumi-ɗumi, to lokaci ya fara ƙurewa. Ka fi kula da shinkafa, alale, wake, miyar da aka sa kifi, da duk abin da aka haɗa da madara. Shinkafar da ta daɗe a ɗumi takan haifar da wata guba da ɗumame ba ya kashe ta. Saboda haka shinkafar da aka zuba maka da asuba a Samaru, ka ci ta kafin ka wuce Kaduna, kada ka ajiye ta sai ka sauka Abuja da la'asar.

Idan ta lalace, zubar da ita ba almubazzaranci ba ne. Almubazzarancin ya faru ne tun lokacin da aka zuba fiye da abin da mutum zai iya ci. Ka roƙi mutanen gida su rage.

Ya halatta in sayi abincin tasha da na 'yan talla?

Ya halatta. Asalin abincin da Musulmi ke sayarwa a kasuwar Musulmi halal ne da tsarki, ba a umarce ka da bincike ba. Masu wannan sana'a mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, da yawa iyaye mata ne masu ciyar da marayu. Amma halaccin saye bai ɗauke maka lura ba. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo ta dalilin gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 suna mutuwa, kuma nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Idan mota ta tsaya a Kwangila, ko Tashar Yari, ko Mararrabar Jos, ko Tafa, ka riƙe wannan ma'auni: wanda ya fito daga wuta a gabanka, ko wanda za ka ɓare da kanka, ko wanda yake a rufe daga kamfani. Ƙosai, waina, awara da doya da aka tsamo daga kasko yanzu sun fi amincin waɗanda suka yini a tire. Tsire da balangu ka sa a mayar maka da su kan wuta har zafin ya ratsa ciki, ka kuma haƙura da ɗanyar albasa da tumatirin da aka yanka tun safe da wuƙar da aka yanka ɗanyen nama. Masarar da ake gasawa a gabanka da shayin da ruwansa ke tafasa duk suna cikin mafi aminci.

Waɗanda suka fi bukatar taka-tsantsan su ne kankana, abarba da rake da aka fere aka bari a buɗe, da kwaɗon latas da kabeji, da kunun zaƙi, kunun aya da zoɓo da aka ɗura a tsofaffin robobin da ba ka san yadda aka wanke su ba. Ganyen lambu yana da amfani ƙwarai, amma lambunan rani da ke gefen Kubanni suna shan ruwan da magudanan unguwanni ke kwarara a cikinsa, don haka ganyen yana bukatar wanki na gaske, wanda ba kasafai ake samunsa a bakin titi ba. Fura da nono abinci ne mai ƙosarwa, sai dai madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi, ga kuma ruwa ko ƙanƙarar da ake dama ta da su. Ka saya a wurin wadda ka san tsabtarta. Ayaba da mangwaron da ɓawonsu ya yi ruwan ɗorawa fes amma cikinsu da tauri ba zaƙi, wataƙila da kabayid aka nuka su, abin da NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa.

Ka kalli mai abincin kafin ka kalli abincin. Shin tukunyar a rufe take? Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.). Shin hannun da yake karɓar kuɗi shi ne yake ɗibar abincin? Ruwan wanke kwanukan ya canza launi? Kai ma ka wanke hannunka da sabulu, domin tun safe kake riƙe da kuɗi, ƙofar mota da waya.

Ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, ya halatta a sha?

Ka rarrabe tsakanin tsarki a fiƙihu da aminci a likitance. A mazhabar Malikiyya, ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba mai tsarki ne mai tsarkakewa. Amma ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba sa canza ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwan randar masallacin tasha alwalarka da shi ta inganta, wannan bai nuna ya dace ka cika cikinka da shi ba. A 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya sun nuna mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawa a jihohin Arewa. Cutar ta fi tashi da damina, lokacin da ambaliya ke haɗa rijiyoyi da masai.

Mafi aminci ka fito da ruwanka. Idan ya ƙare, ka sayi na roba wanda murfinsa bai taɓa buɗuwa ba, ko na leda mai lambar NAFDAC da sunan kamfani a bayyane. Ka goge ko ka wanke bayan ledar kafin ka kai baki, saboda ta bi hannuwa da bokitin ƙanƙara. Inda ka sauka, idan kana shakkar ruwan, ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Wasu 'yan'uwa mata suna ƙin shan ruwa yini guda don gudun neman banɗaki a hanya, wasu maza kuma don riƙe alwala. Kunya abin yabo ce, amma wannan yana jawo ciwon kai, jiri da ciwon mafitsara, ya fi muni ga mai ciki da mai shayarwa. Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ki yi amfani da duk tsayuwar da aka yi. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗa salloli, kuma an hana yin salla mutum yana matse da fitsari ko bayan gida.

Idan na je garin da Musulmi ba su da yawa fa?

Hatsi, doya, kayan lambu, ƙwai da kifi halal ne daga hannun kowa, matuƙar ba a haɗa su da haram ba. Yankan Ma'abota Littafi, wato Yahudu da Nasara, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta shi, da sharaɗin dabbar ta halal ce kuma yanka ta aka yi. Alade, mushe, jini da abin da aka yanka don wanin Allah suna nan a haramcinsu. A'isha (R.A.) ta ruwaito, a Bukhari, cewa an tambayi Annabi (S.A.W.) game da naman da wasu sababbin shiga Musulunci ke kawowa, ba a sani ba ko sun ambaci sunan Allah, sai ya umarce su da su ambata su ci. Wannan ya rufe ƙofar waswasi a inda asali halal ne.

Amma gidan abincin da ka san ana dafa alade ko kare a cikinsa, ka nemi wani. A hadisin Abu Sa'alaba (R.A.) an ce idan akwai wasu kwanukan a bar nasu, idan babu a wanke a ci a ciki. Haka nan an hana zama a teburin da ake shan giya. A mafi yawan garuruwan Kudu akwai unguwar Sabo ko Zango inda za ka sami mahauta Musulmi. Idan ka rasa, kifi da wake da ƙwai sun ishe ka kwanaki. Rangwamen larura da ke aya ta 173 ta Baƙara na wanda yake tsoron halaka ne, ba na wanda ya yi marmarin nama ba.

Abincin halal da ba ka saba da shi ba, kana da damar bari ba tare da ka aibata shi ba. An kawo wa Annabi (S.A.W.) naman damo ya janye hannunsa, ya bayyana cewa ba haram ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, Khalid ɗan Walid (R.A.) kuma ya ci a gabansa.

Wane gwargwado ya kamata in ci?

Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka. Tirmizi kuma ya ruwaito shiryarwar raba ciki kashi uku: na abinci, na abin sha, na numfashi. Wanda zai zauna awa 5 ko 6 a takure a mota ya fi kowa bukatar wannan. Ka karya da abu mara nauyi kafin ka fito, kamar koko da ƙosai ko kunun gyaɗa, sannan ka riƙa cin kaɗan lokaci bayan lokaci. Fita da yunwa ita ce take sa mutum ya sayi duk abin da aka miƙo ta taga.

Abin da aka fi miƙowa kuwa shi ne lemon roba da biskit da cincin. Robar lemo mai rabin lita tana iya ɗaukar kusan giram 50 na sukari, wato kimanin ƙaramin cokali 12, kuma wannan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matsakaicin baligi a yini guda. Gishiri kuma ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Indomi da yajin tsire da miyar gidan abinci mai yawan dunƙule suna iya haura wannan a zama ɗaya.

Kai kuma ɗan'uwa direba, rayukan da ke bayanka amana ce. Cika ciki da tuwo ko sakwara da rana sannan a hau titi yana kawo gyangyaɗi. Shayi, goro da lemon ƙara kuzari suna jinkirta barci ne, ba sa biyan bashinsa. Ƙwayoyi irin su tiramadol da maganin tari mai kodin, shansu ba da umarnin likita ba haramun ne, saboda suna taɓa hankali suna kuma jefa rayuka cikin haɗari. Idan barci ya zo, ka gangara ka kwanta.

Yaushe matafiyi zai ajiye azumi?

Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba matafiyi damar sha ya rama. A wurin Malikiyya tafiyar sai ta kai burudi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80, ta kuma zama ta halal. Daga Samaru zuwa Sabon Gari, Shika ko Giwa ba ta kai ba. Zariya zuwa Kano, kimanin kilomita 150, ta wuce. Zariya zuwa Kaduna tana kan iyaka, kuma ana fara lissafi ne daga ƙarshen gidajen gari, don haka wanda ya yi azuminsa a wannan hanya ya fita daga saɓani. Malikiyya sun sharɗanta a ranar farko mutum ya bar gari kafin alfijir. Wanda ya wayi gari a gida da azumi sannan ya fita, ya cika azuminsa, ko da yake Hanbaliyya sun ba shi damar sha bayan ya bar gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, kamar ɗalibin da ya dawo Samaru karatu, ya zama mazauni.

Wanda azumi ba ya wahalar da shi, yin sa ya fi a wurin Malik. Wanda ya galabaita, sha ya fi masa. A shekarar buɗe Makka, Annabi (S.A.W.) ya sha ruwa da rana a idon jama'a da ya ji azumi ya tsananta musu, ya kuma kira waɗanda suka ƙi sha masu saɓo, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan za ka yi azumi a hanya, ka jinkirta sahur, ka yawaita ruwa, ka rage gishiri da yaji, ka sa dabino da ruwa a kusa da kai domin magariba tana iya riskar ku inda babu gari.

Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciki da yara fa?

Mai ciwon suga kada ya sha magani ko ya yi allura sannan ya tsallake abinci. Idan ya ji rawar jiki, gumi da jiri, sukarinsa ne ya faɗi, ya ci dabino ko ya sha abu mai zaƙi nan take, ko da yana azumi. Ya sa maganinsa a jakar hannu, ya kiyaye allurar insulin daga rana da zafin inji. Mai hawan jini ya rage kilishi da yaji. Mai gyambon ciki kada ya bar cikinsa wayam. Duk mai irin wannan lalura ya ga likitansa kafin doguwar tafiya, musamman Hajji da Umara, inda zafi da sauyin abinci suke haɗuwa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, ba ya bukatar ruwa ko a bazara. Wannan shi ne guzuri mafi aminci. Yaran da suka fara cin abinci a haɗa musu nasu daga gida, domin abin da babba zai ci ya wuce da ɗan murɗar ciki, yaro yana iya kwantar da shi.

Idan amai da gudawa suka kama ni a hanya, me zan yi?

Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka ka fara mayar da shi tun daga zawon farko. Ka narka ƙullin gishiri da sukari na kemis yadda aka rubuta a jikinsa. Idan babu, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tsiri ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ka riƙa kurɓa a hankali, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A ci gaba da shayar da jariri, a kuma ci abinci mara nauyi.

A garzaya asibiti mafi kusa idan gudawar ta zama tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana komai zama, ko fitsari ya ɗauke, ko idanu suka zurma, ko yaro ya kasa sha. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awanni, kada a ce sai an isa gida. Kada kuma ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta daga masu talla a cikin mota.

Ba yin bisimilla ya wadatar ba? Ai abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa.

Bisimilla umarni ce, kuma albarkarta gaskiya ce. Amma wanda ya koyar da ita shi ne ya yi umarni da rufe ƙwarya, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Da Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya nufi Sham ya sami labarin annoba, ya juya da jama'a, ya bayyana wa Abu Ubaida (R.A.) cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Idan ka yi iya ƙoƙarinka sannan ciwo ya same ka, ka yi haƙuri, kaffara ce.

Kai mai sayar da abinci a tasha, ka sani matafiyi ba zai dawo ya tuhume ka ba, amma Allah Yana gani. Annabi (S.A.W.) ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji lema a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Cakuɗa na jiya da na yau a sayar a matsayin sabo yana cikin wannan.

Kai kuma matafiyi, kada guzurinka ya tsaya a kanka. Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Ka ƙara dabino da ruwa a kan bukatarka, domin a kujerar da ke gefenka ana iya samun majinyacin da ya fito daga Shika ba ko sisi, ko ɗalibin da kuɗin mota ya cinye na abincinsa.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya ciyar da mu halal mai albarka. Allah ne Mafi sani.